Sabon shiga vap: bokis mai wat 220 ko ƙarami?

Wani ƙanena daga Talladje ya turo tambaya, ya ce shina shan sigari kwali guda a yini tun shekaru masu yawa, ya gwada puf ɗin nan na yarwa, wato ƙaramar vap, sigarin lantarki da ake yarwa in ta ƙare, bai ga komi ba sai cin kuɗɗi, yanzu wani abokinshi mai zuwa Dubai ya yi mishi tayin babban bokis, wato jikin vap da ake ɗora tanki a kai, mai batiri biyu, an rubuta wat 220 a jikin kwalin, wai ana ƙara mishi ƙarfi ana ragewa yadda mutum ke so. Shi ne yake tambaya ya saya, ko akwai wanda ya fi dacewa da mai farawa.

To ƙanena, kar ka sayi wanga. Ba wai na ce jabu ne ba, mai yiwuwa ma na kirki ne, sai dai ba naka ba ne. Ni aikina gyaran kayan lantarki, salula, batiran sola, sharja, kuma tun da abin nan ya shigo gari ana ajiye min su bisa tebur kusan kullum, wasu sun mutu wasu suna zubar da ruwa wasu batirin ya kumbura, to daga abin da nake buɗewa nake gani zan ba ka amsa. Kuma ina ba ka ita ne don ka ce kai mashayin sigari ne mai son bari. Wanda bai taɓa sa kara a baki ba, ko yaro ɗan lakkol da ya ga ana busa hayaƙi mai ƙamshin mangwaro a fada, ba ni da shawarar na'ura gare shi, nikotin ce a ciki kuma tana kama mutum tsaf kamar ta sigari.

Mu fara da wat ɗin nan da ke ruɗin mutane. Cikin kowace vap akwai ƴar waya naɗaɗɗiya da auduga kewaye da ita, ita ake ce wa rezistans. Auduga ta sha likid, wato ruwan da ake zuba wa vap, batiri ya tura wuta cikin wayar, wayar ta yi zafi, likid ya zama tururi, shi ke nan aikin, tun ƙirar da wani mai haɗa magani ɗan Sin, Hon Lik, ya yi a 2003 har yau asalin bai canza ba. Wat kuwa yawan wutar da ake turawa ne. Kamar gawayi ƙarƙashin butar shayi, in ya yi kaɗan shayi ba ya nuna, in ka cika shi ka kama fifita ba ji ba gani ruwan ya ƙafe ganyen ya ƙone ka ba mutane ɗaci. Kowace rezistans akwai iyakar wutar da take ɗauka kuma an rubuta ta a jikinta da ƙananan baƙaƙe, ka ɗauko ɗaya ka kai ta wurin haske zaka ga misali 1.2 da alamar om, wato awon rezistans, ƙasa kuma 10-14W. Wannan rubutun shi ke maka umarni, ba lambar da ke bisa kwalin bokis ba. In ka ɗora rezistans mai wat 12 bisa bokis mai wat 220, wat 12 ɗin dai zaka sha, sauran 208 kuɗɗinka ne kawai da nauyin aljihu. In kuma wata rana buton ya dannu cikin aljihu lambar ta haura 80 baka lura ba, ja ɗaya audugar ta ƙone ƙurmus, zaka ji wani ɗaci a maƙogwaro da sai ka yi tari har hawaye, kuma wanga hayaƙin auduga da likid da sunka ƙone shi ne mafi muni, a nan ne abubuwa masu guba irin su formaldehid ke fita da yawa.

Sannan akwai maganar irin jan. Mai sigari shina tara hayaƙi a baki tukuna sannan ya shigar da shi ƙirji, jan a matse yake. Mai shisha kuwa kai tsaye yake zuƙa har huhu, iska a buɗe. Na'urorin ma haka anka raba su. Masu jan sigari rezistans ɗinsu na tsakanin om 0.8 zuwa 1.8, suna aiki da wat kamar 8 zuwa 18, tururi kaɗan, bakin tsotso siriri. Masu jan shisha rezistans ɗinsu na ƙasa, om 0.15, 0.2, 0.4, su ke cin wat 40, 60, 80 har sama, su ke cika ɗaki da gajimare. Bokis ɗin abokinka don na biyun anka yi shi. Kai kuma bakinka da hannunka sun saba da na farko, abin da jikinka ke nema shi ne ɗan bugun nan na maƙogwaro da nikotin ta iso da wuri bayan ka ci abinci ko ka sha shayin farko, ba yawan hayaƙi ba. Da yawa waɗanda sunka fara da babban bokis sati biyu ka gan su sun koma wurin mai tebur suna sayen kara biyu, su ce vap ba ta yi musu ba, alhali ba irin tasu sunka saya ba.

Bari in yi maka lissafi tunda mu nan maganar kuran ba wasa ba ce, balle lokacin zafi da ake ɗauke wuta a wuni ba ta dawo ba. Batiri mai 2000 mAh shina riƙe da wajen wat-awa 7.4. In kana ja a wat 12, kowane ja sakan 3, a takarda zai ba ka ja kamar 700, a zahiri ƙasa da haka don akwai asara, amma dai ya kai ka dare lafiya lau. Batirin nan dai in ka kai shi wat 70 ja 120 da ƴan kai ne ya mutu, kafin azahar kana neman inda zaka yi sharji. Shi ya sa anka sa wa manyan batiri biyu. Likid ma haka, mai jan sigari mililita 2 zuwa 4 ta ishe shi yini, mai gajimare kuwa ya sha kwalbar mililita 10 a rana bai ji komi ba, kuma likid ɗin nan duk daga waje ake kawo ta, ka yi lissafin wata da kanka. Kai da ka gudo daga puf don cin kuɗɗi.

To mi zaka saya. Na'ura mai batiri a ciki wanda ba a cirewa, 1500 zuwa 3000 mAh, wadda ake daidaita wat ɗinta daga kamar 5 zuwa 30 ko 40, mai ɗan ekran da ke nuna wat da om da sauran batiri, mai makullin buton, mai wurin rage iska da ƙarawa, sharji USB-C. Amfanin daidaita wat ga mai farawa ba hawa sama ba ne, ɗan motsi ne na wat biyu uku, yau ka ji tururin ya yi sanyi ka ƙara ɗaya, gobe ka canza likid ka ji ta yi zafi ka rage ɗaya, rezistans ta fara tsufa ka sauke kaɗan ta ƙara maka kwana biyu. Don misali kawai, ba talla ba, akwai Coolfire Z50 na Innokin da tankinshi Zlide, akwai Zelos na Aspire da tankin Nautilus wanda rezistans ɗinshi sun daɗe a kasuwar duniya, Vaporesso da Voopoo da Uwell duk suna da ƙananan pod, wato vap ɗin aljihu da ake soka mata kai mai riƙe likid, masu daidaita wuta, GeekVape kuma suna da jerin Aegis masu jikin roba da anka yi don jure ƙura da ruwa da faɗuwa, wanda in kai mai yawo bisa moto ne cikin hunturu abin dubawa ne, ko da yake sun fi nauyi.

Amma wallahi sunan kamfani ba shi ne babba ba a Yamai. Babbar tambaya ita ce rezistans ɗinta ana samu a gari? Rezistans abin ƙarewa ce, sati ɗaya zuwa uku ta mutu, in likid ɗinka mai zaƙi ce sosai ma ba ta kai haka, zaƙin ke daskarewa bisa wayar ya yi baƙi ƙirin. Akwai wani aljihun tebur gare ni cike da na'urori masu kyau, ba abin da ya same su, masu su sun kawo wai in duba ko wata rezistans zata shiga, kuma ba ta shiga don kowane kamfani da irin tashi, har cikin kamfani guda ma wannan ba ta shiga waccan. An kawo wa mutum tsaraba daga Dubai ko Faransa da rezistans biyu cikin kwali, wata guda sun ƙare, shi ke nan na'urar ta zama kayan ado shi kuma ya koma sigari. Don haka ka juya tsarin sayen, ka fara zagaya masu saida kayan, ka tambayi wace rezistans ce ba ta yankewa wurinsu, ka tabbatar aƙalla wuri biyu daban suna da ita, sannan ka sayi na'urar da ke cin ta, kuma ranar da ka saya ka haɗa da fakiti guda na rezistans, yawanci biyar ke ciki. Nan ne bokis mai mahaɗin 510 ya fi pod, wato zaren da ake murɗa tanki a kai wanda kusan duk kamfanoni sunka yarda da shi, in rezistans ɗin tankinka ta ɓace a kasuwa sai ka canza tanki kawai bokis na nan. Pod kuwa in kanshi ya ɓace duka ya tahi. Sai dai pod ya fi sauƙin sha'ani da shiga aljihu, wannan kai zaka auna.

Ka duba kwalin kuma, manyan kamfanonin suna manna wata ƴar takarda da ake kankarewa a ga lamba, ka shigar da ita a shafinsu na intanet ya gaya maka ko na gaske ne. Mai kaya in ya ƙi ka kankare a gabanshi, ka gane.

Dalilin da ya sa nake cewa mai farawa ya ɗauki mai batiri a ciki shi ne abin da nake gani ana yi da batiran 18650. Sunan ma awo ne, faɗi milimita 18 tsawo 65, kuma irinsu ne cikin batirin ordinater da tocila da fankar sharji, shi ya sa mutum ke zuwa kasuwar Katako ya sayi wanda anka ɓalle daga tsohon batirin ordinater ya zura a bokis don ya ga ya shiga daidai. Ya shiga, amma ba aikinshi ba ne. Na ordinater an yi shi ya ba da wuta kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci, bokis a wat 70 kuwa shina jan sama da amfiya 20 a take daga batiri guda. Waɗanda ke iya wanga aiki sanannu ne, irin Samsung 25R mai 2500 mAh da amfiya 20, ko Molicel P26A da P28A, ko VTC na Sony da yanzu Murata ke yi, kuma ko su batiri mai amfiya 20 kar a wuce da shi wajen wat 60. Duk 18650 da ka ga an rubuta mishi 6800 ko 9900 mAh ƙarya ce tsagwaronta, na gaske ba ya wuce wajen 3500, ka ɗaga shi ma zaka ji ba nauyi. Wani abin da mutane ba su sani ba, duk jikin ƙarfen batirin nan negatif ne, kan kawai ne pozitif, kuma abin da ya raba su ƴar ledar da anka naɗe shi da ita ce da wani siririn zobe a sama. Leda ta yage kusa da kai, ka jefa shi aljihu tare da makullin moto da ƴan canji, ƙarfe ya haɗa biyun, cikin ƴan sakan ya yi zafin da ba ka iya taɓawa, shina iya hudowa da wuta a cinyarka. An kawo min wani bokis da murfin batirin ya narke ya lanƙwashe, da na duba batiran ɗaya sabo ɗaya tsoho, kamfani daban daban, ledar ɗayan an liƙe ta da salatif. Mai shi Allah ya tsare, bisa tabarma ya ajiye shi ba a aljihu ba. Bokis mai batiri biyu sai an saya mishi biyu iri ɗaya rana ɗaya, su tsufa tare, da sharja ta waje, da ɗan akwatin roba na ajiya. Ka ga kuɗɗin bokis ɗin abokinka bai ƙare a bokis ba.

In wani ya nuna maka wani bututun ƙarfe mai kyau ba ekran ba komi ya ce meka ne na ƙwararru, ka ce ka gode. Ba wani kariya a cikinshi, batiri ne kai tsaye da rezistans, irinshi ne ya fashe ya kashe wani mutum a Florida ta Amurka a 2018.

Mai batiri a ciki ma ba a bar shi ga Allah kawai ba. Batirin lityom ba a son a yi mishi sharji in zafi ya wuce digiri 45, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu inuwa ma tana haura 40, to ina ga ƙarƙashin kujerar moto da ke tsaye a rana, ko gaban gilashin mota, ko ɗakin kwano da tsakar rana. Kar ka bar ta a waɗannan wuraren, kar ka yi sharji ƙarƙashin matashi ka yi barci, kar ka yi amfani da ƴar sharjar nan mara suna, in an maido wuta ko an tada grup ka ɗan jira ta daidaita kafin ka soka. Ka ga jikinta ya fara buɗewa ko ta yi zafi haka kawai ba ka ja ba, ka daina, ka kawo a duba.

Saura likid, don na'ura da likid tare ake zaɓensu. A kwalba zaka ga PG da VG. PG ruwa-ruwa ce ita ke ba da bugun maƙogwaro, VG mai kauri ce ita ke ba da hayaƙi. Ƙaramar rezistans irin taka 50/50 take so, in ka zuba mata mai VG 70 ramukan audugar ƙanana ne ba ta sha da sauri sai ta ƙone. Zafin garin nan kuma shina tsinka likid, shi ya sa tankin da ba ya zuba a Faransa nan sai ka ga ya jiƙa aljihu, to ka riƙa tsayar da ita a tsaye, ka rufe iska in zaka ajiye, ka goge ƙarƙashin pod da ƙyalle kullum. Yawancin waɗanda nake buɗewa sun mutu ba faɗuwa ta kashe su ba, likid ce ta bi ta ramin iska ta sauka bisa plaket, allon lantarkin da ke ciki, ƙura ta manne a kai, ka ga wurin ya yi kore-kore ya ci.

Nikotin kuma a nan mutane ke cutar kansu ta fuska biyu. Mai kwali guda a yini in ya fara da 3 mg don wai shina tsoro, ba zata riƙe shi ba, zai yini shina tsotso kuma ya ƙare da sigari. Irinka a ƙaramar na'ura 12 zuwa 18 ko 20 mg a kowace mililita ake farawa. A Turai doka ta tsayar da iyaka a 20 mg, kwalba mililita 10, shi ya sa kayan da ke fitowa Faransa ba su wuce nan. Amma na wasu wurare zaka ga an rubuta 5%, mutum ya ɗauka kaɗan ne, alhali 50 mg ke nan, ninki biyu da rabi na iyakar Turai, yawancin puf haka suke. Irin wagga likid in ka kuskura ka zuba ta cikin babban bokis a wat 60, ja kaɗan zaka ji jiri, tashin zuciya, zufa mai sanyi, gaba na faɗuwa. Masu manyan na'urori 3 ko 6 mg suke sha don tururin da yawa. Ko a ƙaramar in ka ji ciwon kai da shaƙuwa da jiri, ka ajiye ka sha ruwa, ta yi maka yawa.

Kar ka sayi likid da anka ɗura a kwalba ba suna ba kwanan wata, kar ka zuba turare ko mai ko zuma ko wani haɗin da abokai sunka ce shina sa nishaɗi. A Amurka daga 2019 zuwa farkon 2020 mutane sama da 2,800 sunka kwanta asibiti da ciwon huhu, 68 sunka mutu, da anka bincika mafi yawa daga haɗin wiwi ne na bayan fage da anka gauraya da wani mai na bitamin E. Huhu ba ya shan mai. Kuma kwalbar mililita 10 mai 20 mg nikotin 200 mg ce a ciki, tana ƙamshin alawa, in akwai yara a gida ka kulle ta inda kake kulle magani, yaro ya sha a ruga da shi likita nan take.

Ranar farko ga yadda zaka yi. Ka ɗiga likid biyu uku bisa audugar da ke leƙowa ta ramukan rezistans, ka haɗa, ka cika tanki, ka ajiye minti 10 kar ka taɓa, na san da wuya amma ka jira. Ka sa wat a ƙasan abin da anka rubuta, in 10-14 ne ka fara da 10, ka ja a hankali dogo ba fizga irin ta sigari ba, bayan ɗan lokaci ka ƙara ɗaya, inda ka ji ya yi maka ka kulle buton ka manta da shi. Kar ka bari likid ta sauka ƙasa da ramukan audugar. Sauran abubuwan da ke cikin menu, su TC da baipas da sauransu, ba ruwanka da su yanzu. Kwanakin farko zaka yi tari kuma baki zai riƙa bushewa, ka yawaita ruwa.

Kar kuma wani ya ce maka ruwa ne kawai ba illa. Hukumar lafiya ta Ingila tana cewa ta fi sigari sauƙin illa nesa don ba a ƙona taba, ba kwalta ba hayaƙin gawayi, amma ba ta ce lafiya ce ba, hukumar lafiya ta duniya kuwa ta fi ɗari-ɗari da ita, Indiya ma ta hana ta gaba ɗaya tun 2019. Wani gwaji da anka yi a Ingila anka fitar a 2019, mutum 886, bayan shekara 18 cikin 100 na masu vap sun bar sigari, masu amfani da facin liƙawa a fata da cingam na nikotin kuwa wajen 10 cikin 100, kuma dukansu ana ba su shawara a asibiti. Ka ga ta taimaka, ka kuma ga mafi yawa ba su bari ba, to na'ura kaɗai ba ta yi maka aikin. Abin da ya fi ɓata lissafi shi ne haɗa biyu, vap a gida sigari a fada, an ƙara kashe kuɗɗi kuma hayaƙin taba na nan shina shiga. Ka sa ranar da zaka yar da kwalin, ka gaya wa ƴan fadarku kar wanda ya miƙo maka kara, in ka yi wata biyu uku ka zauna daram sai ka fara sauke nikotin, 18 zuwa 12 zuwa 6, da niyyar ita ma vap ɗin ka rabu da ita. In kana da hawan jini ko ciwon zuciya ko asma ka fara ganin lokotoro kafin ka sayi komi, ka tambaye shi faci da cingam ma. Kuma inda ba a shan sigari kar ka busa wagga, ƙasar nan akwai dokar taba tun 2006 da ta hana sha a wuraren jama'a, ba sai ka tsaya gardamar wai tururi ne ba hayaƙi ba cikin taksi ko biro.

Shi kuma abokin naka tunda shina zuwa Dubai, ka ce ya bar bokis ɗin ya saida wa masu gajimare. In ka riga ka zaɓi ƙaramar na'urarka a nan, ka ɗauki hoton kwalin rezistans ɗin da lambar om ɗin ta fito sosai ka tura mishi ya riƙa sawo maka fakiti biyu uku duk tahiya, don iri ɗaya na zuwa da om daban daban kuma kwalayen kamarsu ɗaya. In zai haɗo da wata na'ura ko batiri ka tuna mishi a jakar hannu ake shiga jirgi da su, ba a sa su cikin kayan da ake aunawa.